Bayan an naɗe tabarmin gaisuwa

A Katsina ba a yin wani babban al'amari na rayuwa sai da malami. Shi ke raɗa wa jariri suna, shi ke ɗaura aure, shi ke gaba ranar jana'iza, ko shago mutum zai buɗe sai ya nemo mai sa albarka. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani bai taɓa rasa masu karatu ba, ta nan ba mu da abin kuka. Ƙorafina a kan lokacin da malamin ke tashi ne. Yana zuwa ranar taro, ya yi addu'a, a shafa, ya sa takalmi ya bi jama'a. Alhali ranar taro ita ce ranar da mai abin ya fi samun mutane. Wahalar tana somawa ne idan an naɗe tabarmi, masu haya sun kwashe rumfa da kujerun roba, baƙin Funtuwa da na Kano sun koma. Daga nan matar da ta rasa miji, da yarinyar da aka miƙa wa takardar saki, da dattijon da ya ajiye aiki, kowa sai ya ji da kansa.

A ganina, zama da mutum a irin wannan tsakani aikin addini ne cikakke, daidai da karantarwa da limanci, kuma a unguwanninmu yau aikin nan ba shi da mai shi. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Wannan kowa ya san shi, kuma maƙwabta na ƙoƙari a kai, kwanukan tuwo ba sa yankewa a kwana ukun farko. Ragowar labarin ce ba a cika karantawa ba. Bayan kwana uku Annabi ya koma gidan da kansa, ya ce a kawo masa 'ya'yan ɗan'uwansa, ya sa aka kira wanzami ya yi masu aski, ya yi masu addu'a. Ranar da mu muke watsewa, ranar ya koma, kuma da ya koma kan yaran ya fara dubawa.

Mu ɗauki takaba, don a nan abin ya fi fitowa fili. Aya ta 234 a Baƙara ta yanke wa'adinta, wata huɗu da kwana goma. Mai ciki kuwa da ta haihu ta fita, ko da kwanaki kaɗan ne bayan rasuwar. Abin da shari'a ta nema daga mai takaba a ƙidaye yake. Ta bar ado, wato turare da kwalli da lalle da gwala-gwalai da tufafin kwalliya, ta riƙa kwana a ɗakinta, kada a ɗaura mata aure, kada kuma a fito fili a nemi aurenta. Shi ke nan. Wanka, wanke kai, hira da mutane, amsa waya, fita da rana don wata buƙata, babu wanda aka hana ta. Amma shiga wasu gidajen ka ga abin da aka ɗora mata. Ba wanka sai ranar Juma'a. Ga wuƙa ko ɗan sanda da za ta riƙa yawo da shi ko bayi za ta shiga. Kada ta ɗaga murya, kada ta leƙa zaure. Mace na cikin zafin rashi, an kuma ƙara mata da kaɗaici da sunan addini.

Akwai wata mas'ala a cikin Risala, littafin da ake bita a kusan kowane zauren karatu a garin nan, wadda ya kamata a ce kowane magidanci ya san ta. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai takaba tana da haƙƙin wurin zama idan gidan na mijin ne ko ya riga ya biya kuɗin haya, amma ba ta da ciyarwa daga dukiyar mamaci, saboda dukiyar ta zama ta magada tun ranar da ya cika. Abin da ke nata shi ne rabonta, tumuni idan ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, kuma ko su huɗu ne a cikin wannan kason za su raba. To, sau nawa ake raba gado cikin wata huɗu a garin nan? Gida ɗaya sai ya shekara da shekaru 'yan'uwa na cewa a bari hankali ya kwanta. Ga mace an ce kada ta fita, ba a ciyar da ita daga abin da mijin ya bari, gado kuma ba a raba ba. Me za ta ci, ita da yara? Fiƙihun ya bar mata ƙofar neman abinci a buɗe, ya kuma ɗauka akwai dangi da jama'a a bayanta. Al'ada ta zo ta rufe ƙofar, jama'a kuma suka koma harkokinsu.

An yi haka a layinmu, can wajen Ƙofar Marusa, kuma mai ɗakina tana wurin aka yi rabin maganar. Wata maƙwabciyarmu ce mai tuyar ƙosai da safe a ƙofar gida. Mijinta direba ne, ya rasu a hanya ya bar ta da yara huɗu. Uwar mijin ta zo daga ƙauye ta tare, ta ce ba tuya ba leƙe sai an yi wankan fita takaba. Aka kife kasko a bayan ɗaki. Da abin ya yi tsanani aka tura babban ɗan wurin liman bayan magariba. Ya durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, Inna ce ta ce a tambaya ko ya halatta ta ci gaba da tuya.” Liman na sauri, ɗalibai na jiransa, ya ce, “Ka ce mata ta yi haƙuri, kwana nawa ne? Allah ya jiƙan mahaifinka.” Mutumin kirki ne, da ya ga cikin gidan da amsarsa ta bambanta. Wadda ta warware abin wata malamar Islamiyyar matan aure ce da ta zo gaisuwa a makare. Ta tarar da rana tsaka ana raba wa yara koko gaya, ta tambaya, aka gaya mata. Ba ta yi wa tsohuwar gardama ba. Ta matsa kusa da ita ta ce, “Iya, ai ko a zamanin Annabi an yi irin wannan.” Ta ba ta labarin innar Jabir ɗan Abdullahi, wadda tana cikin idda ta fita za ta girbi dabinonta wani ya tsawata mata, ta je wurin Annabi, ya ce ta je ta girbi abinta, wataƙila ma ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Hadisin na cikin Sahihu Muslim. Tsohuwa ta yi jim, can ta ce, “To Malama, tunda ke kika faɗa. Amma dai ta sa hijabi mai duhu.” A daren aka surfa wake.

Abin da malamar ta faɗa, liman ma ya san shi, ƙila ya fi ta sani. Bambancin shi ne ita ta shiga ɗakin, ta ga kokon, ta kuma san yadda ake magana da surukar da ita ma ɗa ta rasa. Lasifikar masallaci ba ta yin wannan. Ba kuma haƙurin nake rainawa ba. Sai dai Annabi da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, amma mu da mai rashi ta soma kuka sai a toshe ta da cewa ba ta da tawakkali.

Mai takaba ma gara ita, ana tausaya mata. Wadda aka saka babu mai zuwa mata gaisuwa. Ayar farko ta Suratu Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da su daga gidajensu, su ma kada su fita, kuma ayar ta rufe da cewa ba ka sani ba ko Allah zai farar da wani al'amari bayan haka, wato sulhu. A sakin kome ci da sha da wurin kwana duk suna kan miji har idda ta cika. Mu kuwa yau aka rubuta takarda, yau aka kira a-kori-kura aka kwashe gado da kujeru da kwanuka. Aya ta 241 a Baƙara ta ambaci kyautar sallama da ake ba wadda aka saka. A tambayi zawarawan unguwa guda a ji nawa suka taɓa ganinta. Waɗannan ayoyi ne ƙiri-ƙiri, amma ba sa cikin waɗanda ake ɗaga murya a kansu, ina jin don masu riƙe da lasifikar duk maza ne. Malamin da ya ɗaura auren da waliyyan da suka ci goro, babu ko ɗaya a wurin ranar kwance shi. Yarinya 'yar shekara sha tara ta koma gidansu da goyo ta tarar an ba ƙannenta ɗakin, ga habaicin kishiyar uwa. A wannan watannin take buƙatar wanda zai zaunar da ita ya gaya mata mutuwar aure ba tsinuwa ba ce, cewa cikin matan Annabi Nana A'isha kaɗai ya aura tana budurwa, ya kuma kira tsohon mijin ya tuna masa abin da ke wuyansa na yaron.

Shekarun nan sun kawo mana wani sauyin rayuwa da ba shi da taro ko na kwana ɗaya. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da sauran garuruwan gefen dajin Rugu waɗanda 'yan bindiga suka tasa, da yawansu suna nan cikin birni a kangaye da ɗakunan aro. Manomin da ke cika rumbu ya fitar da zakkar gero, yau shi ke tura baro a kasuwa. Akan kai masu shinkafa da barguna a ɗauki hoto. Amma mutum ya rasa gonarsa da masallacinsa da kusheyin iyayensa a dare ɗaya, kuma a masallacin da yake sallah yanzu babu wanda ya san sunansa. Bukhari ya ruwaito yadda zazzaɓin Madina ya kwantar da Abubakar da Bilal bayan hijira, Bilal na rera baitocin kewar Makka. Annabi bai ce masa ya yi shiru ba, addu'a ya yi Allah ya sa masu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ya kuma ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru mutum da mutum, kowa ya san wanda ke wuyansa. Muna jin wannan tarihin a kowane Maulidi da kowane tafsirin azumi. Masallaci nawa ne ya ƙirga gidajen 'yan gudun hijirar da ke kewaye da shi ya rarraba su ga masu halin da ke sahun gaba?

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne na waɗanda aka sako daga daji. Ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020, su sama da 300, duniya ta ga dawowarsu a talabijin. Matan ƙauye da ake sakowa ɗai-ɗai bayan an sayar da gona an biya kuɗin fansa, babu mai ganinsu. Wata ta dawo miji ya kasa haɗa ido da ita, maƙwabta na ƙus-ƙus. Hukuncin a bayyane yake, wanda aka tilasta ba shi da laifi, aurenta na nan daram. Amma magana ce da sai mai girma ya taka har gida ya faɗa wa mijin a zaure da murya ƙasa-ƙasa, ya kuma sake dawowa ya ga ko ta zauna.

Na ma'aikacin gwamnati ya fi sauƙi, duk da shi ma ba wasa ba ne. Shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa, sai a sallame shi. Jiya yallaɓai, yau waya ta yi tsit, sai zaryar tantancewar fansho da faɗa da yara a tsakar gida. Abin da ake ce masa kawai, yanzu sai a koma ga Allah. Mutumin da karatunsa ya tsaya a Ahalari yana jin nauyin durƙusawa cikin sa'o'in jikokinsa. Darasi ɗaya na dattawa zalla bayan asuba, da ba shi wani aikin masallaci da ya dace da abin da ya iya, ya isa ya riƙe shi.

Gurbin da masu ilimi suka bari bai zauna fanko ba. Mai neman shawara kan aure, ko ƙaura, ko komawa gidan tsohon miji, yakan ƙare a ɗakin mai bugun ƙasa, ko wurin wanda zai ce kawo abin sadaka in yi maka istihara in kwana in gani. Istihara kuwa, a hadisin Jabir da ke cikin Bukhari, Annabi yana koya wa sahabbai ita kamar yadda yake koya masu sura, don kowa ya yi da kansa, raka'a biyu na nafila sai addu'ar. Babu mafarki a hadisin, babu wakili, babu farin zakara. Amma kafin mu zagi masu zuwa can, mu duba abin da suke samu. Mutumin nan yana da lokaci. Yana barin mace ta zayyana damuwarta daga farko har ƙarshe bai katse ta ba, ya tambayi sunan kishiyar da na uwar miji, ya ce ta dawo ran Laraba. Abin da zai gaya mata ƙarya ce, sau da yawa ma irin mai raba zumunci, don ba ya rasa wanda zai ɗora wa asiri. Sai dai ya saurare ta, shi ya sa take komawa.

Duk kuma wanda zai ɗauki wannan aiki dole ya san iyakarsa. Matar da ta yi wata biyu ba barci ba cin abinci tana cewa gara ta bi shi, mai jegon da ta daina kula jaririnta, saurayin da ya dawo daga daji yana zabura da ƙarar babur, a yi masu addu'a, a yi ruƙiyya, amma a kai su asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa. Mun ga inda rashin sanin iyaka ke kaiwa. A Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura suka fito da mutum 67 da sarƙa a ƙafa, kwanaki kaɗan bayan nan aka bankaɗo wani a cikin Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba maƙiyansu ba ne. Sun rasa wurin zuwa ne, aka ce masu ga malami. Tun farkon 2023 Nijeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma uban da ɗansa ya rikice wurin liman zai fara zuwa, kuma abin da liman ya ce shi zai bi.

Za a ce ai malami namiji ba zai shiga ɗakin mai takaba ba. Gaskiya ne, kuma ba yau aka gano haka ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, saboda irin wannan ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji ta ɗora mata malfa, jajin ta riƙa kai karatu ƙauye-ƙauye a cikin waƙoƙi, har ɗakunan mata. Yau muna da abin da ya ninka wannan. Islamiyyun matan aure da suka bazu bayan kafa Izala a 1978, da ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN da aka kafa a 1985, sun yaye matan da suka san babin idda fiye da mazajensu. Saura a ce masu wannan aikinku ne, a kuma ba su girman da za su shiga gida da shi. Wajen 'yan ɗariƙa ma akwai abin koyi, mai zuwa wazifa kullum in ya yi fashin kwana biyu ana lura, ana bin sawu. Mun ɓata shekaru muna jayayya kan ko sadakar bakwai da ta arba'in bidi'a ce. Ba zan tsoma baki a nan ba, amma na lura da abu ɗaya. Inda aka daina su ba a maye gurbinsu da komai ba, sai ya zama bayan kwana uku babu abin da zai sake kai ƙafar kowa gidan. Inda kuma ake yin su, sau da yawa gidan mamacin ne ke cin bashi ya toya wa jama'a waina.

Za a kuma ce limamanmu ba albashi gare su ba, su ma nema suke. Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi. Limamin unguwa yakan dogara da ɗan abin da aka miƙa masa wurin suna da ɗaurin aure, shi ya sa a can ake ganinsa, kuma ba zan ce ya bar neman abincin iyalinsa ba. Amma masallacin da ke iya tara kuɗin tayil da sola da na'urar sanyaya ɗaki yana iya ware wani abu duk wata ga mutum biyu, namiji da mace, waɗanda aikinsu su san gidan da aka yi rashi, da gidan da aka yi saki, da kangon da baƙi suka sauka, su riƙa leƙawa har wa'adi ya cika. Ba sai manyan malamai ba. Mai sanin idda da gado daidai gwargwado ake so, mai lambar wayar wani ma'aikacin lafiya, mai riƙe sirri, don ranar da maganar ɗaki ta fita majalisa ranar aikin ya mutu. Hukumar Hisba na karɓar ƙorafin aure, kotunan shari'a na raba gado, amma dukansu sai an kai masu ƙara, mai takaba kuwa ba za ta kai ƙarar wan mijinta ba tana cin tuwon gidansa. Wanda zai iya tsayawa a zaure ya ce, “Alhaji, ya kamata a fitar wa yaran nan da uwarsu haƙƙinsu kafin damina,” shi ne limamin da Alhajin ke bi sallah sau biyar a rana.